Lauyan ɗan kwangila ya aiko min takarda kan fostin ɗin da na yi, ya zan yi?

Ɗan Layin Makaranta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin shari'a ku taimaka min da shawara. Ina da wani shafi a Facebook da nake sa labaran unguwarmu, rasuwa, ɗaurin aure, cigiyar yara, matsalar taransifoma da makamantansu. To akwai wani aikin kwalbati da aka yi mana a bakin makarantar firamare kafin damina, ruwan farko da aka yi mai ƙarfi gefe ɗaya ya rufta, rodin ciki duk ya fito waje, sirara ne kamar na taga, simintin kuma in ka murza da hannu sai ya zube. Yara ta nan suke bi safe da rana. Na ɗauki bidiyo da hotuna na sa, na rubuta cewa aikin banza aka yi mana kuma muna son a gaya mana nawa aka ware wa aikin. Mutane suka yi ta sharin, a kwamen kuma wasu suka kama sunan ɗan kwangilar suna ce masa ɓarawo.

Yanzu lauyansa ya aiko takarda har shagona, wai na ɓata wa mutuminsa suna, in goge fostin, in ba da haƙuri a jaridu biyu, in biya diyyar naira miliyan 50 cikin kwana 7, in ba haka ba za su kai ni kotu kuma za su rubuta wa ’yan sanda ƙorafi da dokar laifukan intanet. Wallahi ni ko miliyan ɗaya ban taɓa riƙewa tawa ta kaina ba. Mahaifiyata tun da ta ji ta hana kanta barci, ta ce in goge kawai. Ni kuma abin da ke ci min rai kwalbatin yana nan a rufte, kowa na gani. Zai iya ɗaure ni a kan gaskiya?

Baban Ilham:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka bi maganar mahaifiyarka ka goge. Ba wai don ba ka da gaskiya ba, a'a, don a ƙasar nan kafin gaskiyarka ta fito ka riga ka kwana a sel. Ka manta ɗalibin nan na Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka ɗauke a 2022 saboda abin da ya rubuta a Twitter kan Aisha Buhari? Har Abuja aka kai shi, aka tura shi gidan yarin Suleja, sai da ɗalibai da ƙungiyoyi suka ta da jijiyar wuya sannan aka janye ƙarar. Shi duniya ta ji labarinsa. Kai wa zai ji naka? A 2022 ɗin dai kotun majistare a Kano ta sa aka yi wa wasu ’yan TikTok biyu bulala 20 kowannensu kan bidiyon barkwanci da suka yi game da Ganduje, ga tara ga sharar kotu ta kwana 30. Kana da iyali, kana da shago, ka rufa wa kanka asiri.

Barista daga Zariya:

Malam ka kwantar da hankalinka tukuna, takardar lauya ba sammaci ba ce, ba kuma hukunci ba ce. Mu ma muna rubuta irinta, kuma miliyan 50 ɗin nan lamba ce kawai da aka zaɓa don ta firgita ka, ba wani alƙali da ya auna ta. Amma kar ka yi biris da ita, kuma kar ka amsa da kanka, musamman kar ka kira shi a waya cikin fushi ko ka tura masa saƙon murya, duk abin da ka faɗa zai iya zama hujja a kanka.

Hanya biyu ce yake maka barazana da su kuma ba ɗaya suke ba. Ta farko ƙarar neman diyya a babbar kotu. A nan in abin da ka faɗa gaskiya ne kuma ka iya tabbatar da shi, magana ta ƙare, gaskiya cikakkiyar kariya ce. Haka kuma faɗin ra'ayi kan abin da ya shafi jama'a, matuƙar a kan abin da ya faru da gaske ka gina shi ba da mugun nufi ba. Ka ce aikin banza ne bayan ka nuna kwalbati a rufte, wannan ra'ayi ne kan aikin da aka yi da kuɗin jama'a. Da a ce ka rubuta ya sace kuɗin, to nan ne za a ce kawo hujja, don rufta aiki daban, sata daban, kuma bidiyonka na farkon kawai yake nunawa. Sannan ka sani masu irin wannan aikin ba su cika son zuwa babbar kotu ba, domin can lauyanka zai nemi a kawo takardar kwangila, nawa aka biya, wane irin rodi aka rubuta za a sa, wa ya sa hannu ya ce aiki ya kammala. Wanda ya yi algus ba ya son ranar da za a karanta waɗannan a bainar jama'a.

Ta biyun ita ce abin tsoron, kuma Baban Ilham bai yi ƙarya ba. A arewa ɓata suna laifi ne a kundin Penal Code, sashe na 391 da 392 a tsohon kundin, wasu jihohin sun sake lambobin, ɗaurinsa yana kaiwa shekara 2. Shi ma akwai togaciya a cikinsa ga wanda ya faɗi gaskiya don amfanin jama'a. Sai kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda da shi aka fi kama ’yan jarida da masu rubutu. A yadda aka fara rubuta shi, saƙon da ya ɓata wa mutum rai ko ya zama cin fuska ma zai iya jawo ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa ’yancin faɗin albarkacin baki, a 2024 kuma aka yi masa gyara, yanzu ya koma kan saƙon batsa ko saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya tura don ta da zaune tsaye ko jefa rai cikin haɗari. Ka duba fostin ɗinka ka gaya min ina ya shiga nan. Bai shiga ba. Matsalar ita ce har yau ana kama mutane da sunan sashen kamar ba a taɓa gyara shi ba, a tsare mutum, a kai shi wata jiha, a wahalar da shi wajen beli, ƙarshe ƙarar ta mutu a hanya, amma an riga an cimma abin da ake so.

Abin da zan ce ka yi yau ɗin nan, ka adana bidiyon da hotunan na asali a wani wuri ban da wayarka, don in an kama mutum waya ake fara karɓa. Ka koma ka sake ɗaukar wurin da allon aikin in akwai, kafin a zo cikin dare a lallaɓe shi. Ka nemi lauya ya amsa takardar, in ba ka da hali ka je ofishin Legal Aid Council na jiharku, hukumar da ke ba marasa hali lauya, ko reshen ƙungiyar lauyoyi. In ’yan sanda sun gayyace ka, ka je, amma da lauya da wanda zai tsaya maka, kuma da safe a farkon mako, kar ka yarda ka je ranar Juma'a da yamma. Kar ka sa hannu a bayanin da ba ka karanta ba.

Maman Hanif:

Barista Allah ya saka da alheri. Ni dai akwai inda nake so a yi adalci. Ba kowane mai kukan an ɓata masa suna ne azzalumi ba fa. Ƙanwata tana sayar da abinci, wani shafi ya sa hotonta wai tana dafa naman mushe, babu bincike babu komai, ashe wata abokiyar gaba ce ta tura musu. Ciniki ya tsaya cak, mijin da za ta aura danginsa suka fara ja da baya, da aka je wa mai shafin sai ya ce a ba shi kuɗi ya sauke. To irin wannan in an ce a kai shi kotu sai a ce an danne ’yanci? Mutunci ma haƙƙi ne, Allah ma cewa ya yi in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika. Ɗan Layin Makaranta kai naka da idonka ka gani, ban haɗa ka da su ba, amma masu zagin nan a ƙarƙashin fostin ɗinka ka share su, ba su ƙara maka komai ba sai nauyi.

Ɗan Maraɗi:

Gaskiya Hajiya ta faɗi magana a kan kwamen ɗin nan, kar ka raina shi. Nan wajenmu a Nijar haka ta faru da ’yar jarida Samira Sabou a watan Yunin 2020. Ta yi rubutu a Facebook kan binciken kuɗin sayen makamai na ma'aikatar tsaro, wani daban ya zo ƙasa ya ambaci ɗan shugaban ƙasa na lokacin, Sani Mahamadou Issoufou, shi kuma ya kai ƙara, aka rufe ta gidan kaso na Yamai kwana 48 kafin kotu ta ce ba ta da laifi ta sallame ta. Dokar 2019 aka yi amfani da ita. Zamanin Bazoum a 2022 an cire ɗauri daga laifin ɓata suna ta intanet, da sojoji suka zo suka maido shi a Yunin 2024, shekara 1 zuwa 3. To ka gani ko'ina kanwar ja ce. Amma ni ban ce ka goge naka ba, na mutane za ka goge.

Ɗan Layin Makaranta:

Na gode ƙwarai. Barista to in na share kwamen ɗin ba za a ce na ɓoye hujja ba? Kuma ni ban ambaci sunansa ba ko sau ɗaya, sunan kamfanin dai ya fito a allon da ke cikin bidiyon.

Barista daga Zariya:

Ka ɗauki hoton kowanne da kwanan watansa ka ajiye, sannan ka share ko ka ɓoye su, lauyanka ya rubuta a amsarsa cewa da aka jawo hankalinka ka cire kalaman wasu da ba naka ba. Wannan taimakonka zai yi. Zancen suna kuwa, rashin ambata ba ya kare mutum in dai mai karatu zai gane wa ake nufi, kuma allon ya nuna, don haka kar ka dogara da wannan. Ka dogara da cewa abin da ka nuna haka yake. Ka kuma rubuta wa hukumar da ta ba da aikin takarda kuna tambayar kuɗin da aka ware da sharuɗɗan aikin, ku sa hannu ku da yawa, da shugaban makarantar ko ƙungiyar iyayen yara in sun yarda, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku.

Tsohon Ɗan Jarida:

Baban Ilham ina girmama ka, kuma na san tsoron da kake ji ba na banza ba ne, amma shawarar a goge ɗin nan ita ce ta kai mu inda muke. Mai aiko takardar nan ba miliyan 50 yake nema ba, ya san babu. So yake yaron nan ya goge, sauran masu waya a unguwar su gani, gobe in rijiyar burtsatse ta ƙafe bayan wata ɗaya ko rufin aji ya yaye kowa ya kama bakinsa. Takarda ɗaya ta rufe bakin unguwa guda, ko kuɗin shigar da ƙara bai kashe ba.

Kuma in ka bi manyan shari'o'in nan ka ga yadda suke ƙarewa. Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya saki bidiyon da ya ce Ganduje ne yake karɓar dala a 2018, Ganduje ya musanta ya maka shi a kotu yana neman naira biliyan 3, a 2021 ya janye ƙarar, kotu ta ce ya biya naira 800,000 kuɗin ɗawainiya. Agba Jalingo ya yi rubutu yana tambayar ina naira miliyan 500 na bankin jihar Kuros Riba a zamanin gwamna Ben Ayade, aka kamo shi daga Legas a Agustan 2019 aka tuhume shi har da cin amanar ƙasa, ya yi kusan wata shida a tsare a Kalaba, daga baya kotun ECOWAS ta ce a biya shi naira miliyan 30, a 2022 kuma aka wanke shi. Ban ɓoye muku ba, sun sha wuya, Jaafar sai da ya bar ƙasar ya koma Ingila saboda tsoron ransa. Abin har ya wuce ’yan siyasa, a 2023 wata mata a Legas ta rubuta cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya cika zaƙi, aka kama ta aka kai ta Abuja, kamfanin yana neman biliyan 5. A kan tumatir fa.

Maman Hanif abin da aka yi wa ƙanwarki zalunci ne, kuma mai karɓar kuɗi ya sauke labari ɗan damfara ne, a kai shi kotu ya biya ta. Abin da nake ƙi shi ne a sa ɗan sanda da ankwa a cikin maganar da alƙalin diyya zai iya rabawa. Ghana ta soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna tun 2001, Legas ma ta cire shi daga kundin laifukanta a 2011, mu kuma muna nan ana bulala. Sashe na 39 na tsarin mulki, na ’yancin faɗin albarkacin baki, ba don ’yan jaridar Abuja kaɗai aka rubuta shi ba, har da mai shago da ya ga kwalbati ya rufta a hanyar yara.

Shawarata ɗaya da zan ƙara a kan ta Barista, kar ka tsaya kai kaɗai. Ka sanar da mai unguwa da limaminku, ka tura wa gidajen rediyon garinku su zo su gani da idonsu, ka sanar da ƙungiyoyin kare haƙƙi irin su CITAD ko Amnesty ko Media Rights Agenda tun kafin wani abu ya faru, ba sai kana ciki ba.

Baban Ilham:

To Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ni dai in zai bari, ya fara zama da mahaifiyarsa ya yi mata bayani ta sa masa albarka, kar ta ji a bakin mutane. Kuma ya bar lambar lauyan a hannun matarsa da ƙaninsa.

Ɗan Layin Makaranta:

In sha Allahu yau da daddare zan zauna da ita, zan tafi da kawuna don ta fi jin maganarsa. Na adana kwamen ɗin na share su, bidiyon yana nan ban taɓa ba. Shugaban ƙungiyar iyayen yara ya ce zai sa hannu a takardar, mai unguwa kuma ya ce in ba shi zuwa gobe. Barista dan Allah in za ni Legal Aid ɗin, takardar lauyan ta asali zan kai musu ko fotokwafi?