Neman kalma: tsuntsun Amurka da ake ƙirgawa da kunne

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Ina da rahoton da zai shiga shirin muhalli gobe da safe, wani tsuntsu kuwa ya tsaya mini a wuya, wai shi woodcock. Tun 1968 hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka da takwararta ta Kanada suke bibiyar yawansa. A Afrilu da Mayu, rana na faɗuwa, ma'aikaci zai bi hanya mai tsawon mil 3.6, ya tsaya wuri goma, kowanne minti biyu, ya rubuta maza nawa ya ji suna kuka. Da wane suna zan kira shi?

Ɗan Kasuwa: Zakaran daji mana.

Malamar Kimiyya: A'a ƙanena, kada ka soma. Mai sauraro zai zaci fakara ce ko wani ɗan'uwan zabo. Wannan dangin tsuntsayen bakin ruwa ne masu dogon baki, irin waɗanda suke sauka fadamun Haɗeja da Nguru daga Turai, sai dai shi ya zaɓi zaman kurmi. Gajere ne, ƙafafu gajeru, launin busasshen ganye, idanunsa can baya a kai har yana hango abin da ke bayansa. Yana cusa baki a ƙasa mai laima ya zaro tana.

Malamin Nahawu: Hajiya ta gama aikin ba ta sani ba. Soki-tana. Ginin Hausa ne tsantsa, aikatau da karɓau, kamar dafa-duka da bi-bango. Yaro ma ya ji zai san abin da tsuntsun yake yi.

Ɗan Kasuwa: Soki-tana ƙanin soki-burutsu ke nan, Malam.

Malamin Nahawu: Ka yi dariyarka. Irin wannan raini ne ya sa kullum muke bara a ƙofar Turanci.

Tsohon Ɗan Jarida: Ranka ya daɗe, ni dai a ɗakin labarai wudkok zan ce, in bi shi da bayani. Tsuntsun da ba ya zuwa ƙasarmu, ina laifin ya zo da sunansa? Ɗawisu daga Larabci muka samo shi, talotalo daga Yarbanci, shi kansa talotalon asalinsa daga nahiyar Amurka yake. Babu wanda Hausarsa ta ragu.

Malamin Nahawu: Waɗannan bakin mutane ne ya sarrafa su shekara da shekaru. Wudkok fa? Bahaushe bai cika rufe suna da k ba. Gobe za ka ji ana wudukoko.

Ɗan Damagaram: In aro za a yi, wa ya ce sai daga Ingilishi? Mu nan bekas muka gani a littafin Faransanci. Ku mutanen Kano duk abin da kuka furta a rediyo sai ya zama doka, mu kuma mu bi.

Ɗan Kasuwa: To ai mu ke da daidaitacciyar Hausa, Yaya.

Ɗan Damagaram: Daidaitacciya a takarda. Zo ƙauyenmu ka ji sunayen tsuntsaye, ko rabinsu ba ka sani ba.

Baba Maharbi: Ku dakata yara. Tsuntsun da ke fitowa da magariba yana kuka, ba yautai ba ne?

Malamar Kimiyya: Ba shi ba ne Baba, yautai ƙwari yake kamawa a iska. Amma akwai abin da zai burge ku: maharban can suna sa fiffiken wanda suka harba a ambulan su aika wa hukuma. Masana su duba gashin, su gane mace ko namiji, ɗan bana ko babba, daga nan su san yadda ƙyanƙyasa ta yi a shekarar. Mai Fassara, ni abin da ya fi damuna ba sunan ba ne. Kada ka ce ƙidaya. Ba duka ake ƙirgawa ba, kukan maza kawai ake saurare a hanyoyin da aka ware, a gwada bana da bara. Da haka aka gane yawansa yana raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, galibi saboda ƙarancin sabon daji mai ƙananan itatuwa inda yake hayayyafa.

Mai Fassara: Wallahi ƙidaya na rubuta, Hajiya. Na mai da shi "binciken sauraron kuka". Ga yadda zan buɗe: "wudkok, wani tsuntsu mai ƙaura, mai dogon baki, da ke cin tana, wanda kan yi hunturu a jihohin kudancin ƙasar Amurka irin su Luwiziyana". Malam, zan sa "wanda za a iya kira soki-tana" sau ɗaya.

Malamin Nahawu: Sau ɗaya, kuma a bayan na Bature. To, Allah ya kyauta. Ka dai ja wasalin farko, kada ka gutsure shi.

Ɗan Damagaram: Bekas fa?

Mai Fassara: Minti uku aka ba ni, Yaya.