Babban rumbu a tsohuwar kwamfuta: wa ya taɓa gwadawa?

Mai Studiyo, Wunti

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki. Sana'ata juye tsofaffin kaset-kaset na bidiyo zuwa kwamfuta: na biki, na walimar sauka, na hawan sallah, har da na tafsirin azumi da wasu gidaje suka adana tun shekarun 1990. Katin da nake ɗaukar bidiyon da shi, direbansa, wato manhajar da ke sa shi aiki, a Windows XP ya tsaya, shi ya sa har yau ban rabu da wata tsohuwar Pentium 4 ba. Awa ɗaya na bidiyo a tsarin DV yana cin kusan giga 13, rumbun da ke cikinta kuwa, wato had-dis ɗin, giga 80 ne. Kaset biyu masu awa uku-uku sun cinye shi ke nan.

Makon jiya na daure na sayo rumbu mai tera 3, wato giga dubu uku, na haɗa ta wayar SATA. Da na kunna sai na ga giga 746 kawai. Cuta ta aka yi, ko kwamfutar ce? Ban yi masa fomatin ba tukuna.

Mai Gyara, Azare

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗauki alhakin mai shago tukuna, lambar da ka faɗa ita ce shaidarsa. Rumbun da aka rubuta wa tera 3, a lissafin kwamfuta giga 2794 ne. Cire 2048 daga ciki, me ya rage? 746. Ka ga ba jabu ba ne. Ƙidayar tsohuwar na'urar ce ta kai ƙarshe ta zagayo, kamar mitar mashin da ta cika ta koma sifili.

Rumbu a yanke yake ƙananan gidaje masu bayit 512, kowane gida da lambarsa. Tsohon tsarin raba rumbu, MBR, lambobinsa a tera 2 suke ƙarewa. Abin da ya haura haka sai sabon tsari, GPT, shi kuwa XP mai bit 32, irin wanda kusan kowa ke da shi a nan, ba ya karanta GPT ko kaɗan. Sau uku ana kawo mini wannan matsalar shago. Mutum biyu sun ji shawara sun canjo mai tera 2. Na ukun ya nace sai da muka saka masa wata manhaja da ke tilasta wa XP ganin sauran. Ta yi aiki wata huɗu, ranar da Windows ɗin ya lalace muka sake lodi, sai da muka kwana biyu kafin muka ga kayansa. Tun daga nan na daina saka wa kowa.

Tunda ba ka taɓa shi ba, mayar ka karɓo mai tera 2. Zai nuna maka 1863, kada wannan ya tayar maka da hankali, haka lissafin yake.

Dattijon Yelwa

Ɗana, kafin ka yi maganar tera, duba wane XP ne a kan na'urarka. Ni a kan giga 160 na yi asarar da har yau in na tuna sai raina ya sosu.

A lokacin ina da shagon buga takardu kusa da jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ɗalibai na kawo furojet muna buga musu. Na sa rumbu mai giga 160, komai lafiya, ya kusa cika da aikin mutane. Sai ƙwayar cuta ta shiga Windows, yaron shagona ya ɗauko wani tsohon faifan XP, irin na farkon fitowa a 2001, wanda ba shi da gyaran SP1, ya sake lodi. Shi wannan na farkon giga 137 ne iyakar ganinsa, domin da bit 28 yake ƙidaya, sai a SP1 na 2002 aka buɗe masa mai bit 48. Da ya tashi sai ya ga fatishan ɗin, wato yankin rumbun da fayiloli ke ciki, ya zarce inda idonsa ke kaiwa, ya ɗauka ɓarna ce, ya shiga binciken gyaran nan da yake yi kafin ya buɗe. Mu kuma muna tsaye muna kallon rubutu na gudu a shuɗin allo, muna murna yana gyarawa. Ashe fayilolin yake yankewa.

Akwai wata yarinya da ta gama babi huɗu, saura kwana tara ta miƙa. Takardun hannunta ta riga ta ba ƙannenta sun yi wasa da su, don ta yarda da mu. Na mayar mata da kuɗinta, na biya wanda ya zauna da ita suka sake bugawa daga abin da ta tuna, amma kukan da ta yi a bakin shagon nan ba kuɗi ne ke goge shi ba.

Abin da nake so ka riƙe: don kwamfuta ta nuna maka rumbu, ba shi ne za ta iya rubutu a cikinsa har ƙarshe lafiya ba. Danna dama a kan My Computer ka duba, in ba ka ga SP3 ba, wato gyara na uku, kada ka zuba kayan kowa. Tsohon faifan nan kuma, in kana da irinsa a durowa, fitar da shi daga shagon gaba ɗaya.

Mai Studiyo, Wunti

Allah ya mayar da alheri, Baba. Na duba yanzu, SP3 ne. Faifan lodin ne ban tabbatar ba, zan duba shi da safe.

Maman Biyu, Fadaman Mada

Tawa ƙarama ce amma ta shafe ka kai tsaye, Malam. Bidiyon bikin ƙanwata aka ba ni, fayil ɗaya mai giga 6, na zo kwafa a rumbun waje mai giga 500 wanda ko rabi bai kai ba, ya ce wai ba wuri. Na goge hotuna, na sake gwadawa, ya ƙi. Na goge wasu, ya ƙi. Daga baya ɗan yayata ya duba ya ce da tsohon tsarin ajiye fayil na FAT32 aka yi masa fomatin, shi kuwa ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura giga 4 ko da rumbun fanko ne. Ya mayar da shi tsarin NTFS, nan take ya shige. Hotunan da na goge dai sun tafi. Da lissafinka na giga 13 a awa, giga 4 bai kai minti ashirin ba, don haka NTFS za ka zaɓa.

Ɗalibi, Gubi

Ƙarin bayani kan mai tera 2 ɗin, Yallabai. Yawancin rumbunan da aka ƙera daga wajen 2011 zuwa yau, gidajensu na ciki bayit 4096 ne, sai dai suna nuna wa kwamfuta kamar 512. XP kuma in shi ya yanka fatishan, daga gida na 63 yake farawa, sai layin ya faɗo a karkace, kowane ɗan rubutu sai rumbun ya taɓa gida biyu. Na gani da idona a kwamfutar babana: sabon rumbu, amma kwafi kamar tafiyar hawainiya. Na kwashe kayan, na kai shi kan Windows 7 na yanka fatishan a can, na dawo da shi kan XP, bambancin a fili yake. In ba 7 a kusa, GParted, manhajar yanka fatishan, a filas yana yi. Ka dai tabbatar MBR ka zaɓa ba GPT ba, in ba haka ba ka koma gidan jiya. Ga mai ɗaukar bidiyo wannan ba ƙaramin abu ba ne, rumbu in ya yi jinkiri hoto ne ke tsallake.

Mai Gyara, Azare

Gaskiyar ɗalibi. Na manta da wannan.

Ɗan Pantami, Gombe

Ni fa XP nake da shi kuma mai tera 4 nake amfani da shi shekara da shekaru, ba wata manhaja. Na waje ne, mai kwansonsa da wutarsa daban. Wasu daga cikin kwansunan nan suna gabatar wa kwamfuta gidajen a matsayin 4096, sai iyakar MBR ta ninka sau takwas, ta kai tera 16. Amma ga inda na ji jiki. Wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona allon kwanson, na ciro rumbun na haɗa shi kai tsaye a wata kwamfuta, sai ta ce ba ta san shi ba, in yi fomatin. Hannuna na kan linzami, Allah ya sa na tsaya. Sai da na yi wata guda ina neman kwanso irinsa sak a wajen masu kayan baljiyam kafin fayilolina suka dawo. Kuma ba kowane kwanso ke wannan dabarar ba, sababbin da yawa sun daina, don haka ba zan ce ka je ka saya da ido rufe ba.

Ka sa lokaci a lissafi kuma. USB 2.0 da wuya ya wuce mega 30 a daƙiƙa, tera ɗaya sai ya ci awa tara zuwa goma. In aka ɗauke wuta a tsakiya, ka san sauran. Ba na fara babban kwafi sai UPS na da caji.

Abokin Kowa, Bakin Kura

Ni ban ga dalilin wannan wahalar ba. Tun Afrilun 2014 aka daina tallafa wa XP. Sayar da ita ka sayi sabon kati mai USB, a huta.

Mai Studiyo, Wunti

Ɗan'uwa, na gwada masu USB har biyu. A kan tsohon kaset da ya sha zafi da ƙura, murya takan riga hoto, wani lokaci hoton ya yi ta rawa. Tsohon katin nan shi ke riƙe su daidai. Mutum ya kawo maka bidiyon mahaifinsa da ya rasu, wanda babu wani kwafinsa a duniya, ba ka ba shi abin da baki ke motsi daban magana daban. Intanet dai ba ta taɓa shiga na'urar ba, kuma ba za ta shiga ba.

Dattijon Yelwa

To riƙe ta. Amma kada ta zama ita ce ma'ajiya. Ta ɗauka, ka kwashe zuwa wani wuri a ranar.

Mai Studiyo, Wunti

Na dawo da bayani. Mai shagon ya karɓi mai tera 3 ba gardama, ya ba ni mai tera 2 da cikon kuɗina. Na kai wajen maƙwabcina mai Windows 7 muka yanka shi biyu a MBR, duka NTFS, na dawo da shi, ya nuna 1863 kamar yadda Malam na Azare ya faɗa. Faifan lodin da ke durowata kuwa, Baba, na farkon nan ne, ba ko SP1. Na kai shi gida.

Ban zuba kayan kowa ba tukuna. Na sa H2testw, manhajar gwada rumbu, ya cika fatishan na farko har baki ya sake karantawa, ya kwana yana yi a kan sola, ya gama ba kuskure ko ɗaya. Na biyun yau da dare. In ya wuce lafiya, jibi zan fara da kaset goma sha ɗaya na wata Hajiya daga Jahun, kuma ba zan mayar mata da su ba sai kwafin ya zauna a rumbu biyu.