Neman kalma: 'yar fatar da ke bakin sandar sinuka

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Gobe da hantsi zan ɗauki bidiyon yadda mutum zai canza wa sandarsa 'yar fatar nan da kansa: a kankare tsohuwar da reza, a goge wurin da samfefa, a ɗiga gam a danne, in ta kama a datse gefe, a yi wa saman ɗan tudu don ya riƙe alli. Yara tif suke cewa. Me zan kira ta?

Abu Hanifa: Tsinin sanda.

Ɗan Fagge: Ba tsini gare ta ba, Malam. Faɗinta kusan milimita 10 ne, ta sandunan Amurka ma har 13.

Na Rima: Tagiyar sanda! Kai ake sa wa, in ta tsufa a sauya.

Baduku: Tagiya cirewa ake a mayar, wannan da gam aka liƙa ta. A ce fatar baki, ƙarfen da take zaune a kai kuma zobe. Sannan ka faɗa wa masu kallo su duba kafin su saya. Masu hawa-hawan nan na Japan, irin su Kamui da Moori, da fatar alade ake yin su.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai, wannan dole ya shiga.

Na Rima: Da hula na ce da tuni an karɓa. Duk kalmar da ba ta Kano ba sai an nemo mata aibu.

Abu Hanifa: Haba ɗan'uwa, wa ya ambaci Kano? Ni damuwata ita ce mu bar tif. Mun ari sinuka, mun ari gam, komai sai aro?

Ɗan Damagaram: Reza da samfefa fa? A Faransanci furosede ake kiran fatar nan, kuma Bafaranshe ne ma, Mingo, ake cewa ya fara liƙa ta. Mu a nan duk wanda aka ce wa fatar baki zai gane.

Na Rima: Za a zaci leɓe ake nufi.

Baduku: Ga sanda a hannunsa yana nunawa?

Ɗan Fagge: To, zan ce fatar bakin sanda a farko, in ambaci tif sau ɗaya don yara, daga nan sai fata kawai. Saura in ta baje ta wuce zobe saboda duka, me za a ce?

Baduku: Ta yi lema.

Na Rima: Wannan na yarda. Amma ni a teburinmu tagiya zan ci gaba da cewa.