In haska wa sojoji fim ɗin kotun soja ko in bari?

Mai Gidan Kallo: Salamu alaikum. Gidan kallona na Birnin Kebbi, kusa da barikin Dukku, rabin masu shigowa sojoji ne. Na samu fassarar wani fim: ƙaramin soja ya harbe ogansa, a kotun soja ya ƙi buɗe baki don kada ya tona abokinsa. Daren Juma'a ba ƙwallo. In haska, ko zai fama musu tsohon ciwo? Nawa kuma zan sa kuɗin ƙofa?

Ɗan Jega: Sa musu na 'yan Sin masu tashi sama, kowa ya huta.

Gwaggon Yara: Ɗana, ni a gida na gani. Ƙanena da amininsa tare suka gama horon soja a Zariya, kwano ɗaya, bargo ɗaya, har ƙanena ya sa wa ɗan farinsa sunan aminin. Da bindiga ta ɓace ƙanena ya yi gum, alhali ya san mai sakacin. Ranar zaman kotun soja aminin nan ne ya fara ba da shaida a kansa. Aka kori ƙanena ba ko sisi. Kabu-kabu yake yi yanzu, kuma sunan nan kullum sai an kira shi a tsakar gida.

Tsohon Kofur: Allah ya musanya, Hajiya. Sai dai shaida rantsar da shi ake. Ku tuna 2014, sojoji 12 aka yanke wa kisa kan boren barikin Maimalari na Maiduguri, sai a 2015 aka mayar ɗaurin shekara 10. Wanga ba wasan fim ba ne. Kuɗin ƙofa ka sa naira 200.

Ɗan Jega: 200? A Jega 100 muke shiga, ga fanka.

Na Zuru: Masu turi 50 suke sa shi a waya. Kuma Baba Kofur, kai da ka ajiye kaki tun kafin waya, bari na yanzu su faɗa.

Tsohon Kofur: Yaro, kakin nan ka taɓa sa shi?

Na Zuru: Gidanmu huɗu ne a ciki.

Ɗan Jega: Shi dai na biyar yana nan gadin tuwo 😂

Gwaggon Yara: Ku yi ta dariya.

Malamar Firamare: Ni masu fassarar ne haushina. Alƙali na karanta hukunci, mai fassara na ta barkwanci yana gaida ubangidansa. Ina tausayi zai shiga?

Na Zuru: Wallahi, har tallar shago suke cusawa tsakiyar kuka.

Mai Gidan Kallo: Jama'a, Juma'ar fa jibi ce.