An garƙame mana wurin wasan yara saboda yayyafi

Baban Khalifa: Jama'a ku taya ni ji. Jiya na kwashi yara a keke tun daga Tudun Jukun zuwa wani wurin shaƙatawa a nan Zariya, muka tarar da ƙofa a garƙame. Maigadi ya leƙo ta kafar ƙyaure, wai oga ya ce hadari ya taso. Saboda ɗan yayyafi fa! Ko takarda ba su manna ba, balle sanarwa a Facebook.

Maman Ilham: Yayyafi? Malam, ka ji tsoron Allah. Mu nan Samaru ruwa aka tafka kamar da bakin ƙwarya, reshen darbejiya ya faɗo kan rumfar mai shayin layinmu.

Baban Khalifa: Hajiya, ni dai ko hulata ba ta jiƙe ba.

Injiniya: Ba jiƙewa ake gudu ba. Iskar da ke gaban hadari ita ke karya itatuwa, ga kuma tsawa. A ƙa'ida sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe ake komawa fili. Kuma in an yi ruwa ta wajen Samaru, kogin Kubanni kan cika ya gangaro Tudun Wada alhali ko ɗigo ba ku gani ba.

Ɗan Birni: Ruwan Samaru ai na ƙaramar hukumar Sabon Gari ne, ku riƙe abinku. A cikin ganuwa yayyafi aka yi.

Maman Ilham: To Tudun Jukun a cikin ganuwa take?

Ɗan Birni: Ba da ke nake ba. Mu da muka hau dutsen Kufena a tsakiyar Agusta muna yara, wa ya rufe mana?

Injiniya: Kufena ƙofa gare shi? Allah ne ya tsare ku. Kan dutse ai nan tsawa ta fi sauka. Wai akwai wanda ya duba hasashen hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, na jiya kuwa?

Ɗan Birni: Boko ya motsa. Kakata da ido take karanta hadarin gabas.

Maman Ilham: Allah ya ƙara mata lafiya, a ɗauke ta aikin gadin.

Ɗan Birni: Kar ki sako kakata!

Admin: Ya isa haka, na rufe. Abin da aka cimma: ruwa aka yi, ba yayyafi ba, ni shaida ne, a Samaru nake. Masu wurin sun kyauta. 'Yan birni kuma a rage musu.