"In ɓera da sata, daddawa ma da wari": har a gidan kangararrun yara?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun jiya. Muna gidan suna aka ɗauko zancen wani yaro ɗan maƙwabtan ƙanwata, shekararsa goma sha huɗu. An kama shi da satar waya, aka ajiye shi a gidan kangararrun yara kafin a gama shari'a. Wata uku ya yi. Tun da ya fito ya zama shiru-shiru, ba ya kwanciya sai da fitila a kunne, in aka dafa shi ta baya sai ya zabura. Da ƙyar kakarsa ta lallaɓa shi ya faɗi abin da wani mai gadin dare ya riƙa yi masa. Ana cikin salati sai wata dattijuwa ta ce, "To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya aike shi can?" Har da masu gyaɗa kai. Ni kuwa waina ta fita raina. Don Allah malamai, a nan ake kawo wannan karin maganar?

Malam Na Bakin Kasuwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari mu fara da ita kanta maganar. Ana kawo ta ne inda laifi ya rabu biyu: wanda ya yi ɓarna, da wanda ya yi sakacin da ya jawo ta. Ka bar kuɗi a kan benci ka tafi alwala, ka dawo babu, to za a iya jefa maka ita. Amma ki lura da jerin kalmomin. Satar ɓera aka fara ambata, kuma ba a janye ta ba. Wannan "ma" ɗin ƙari ne a kan laifin da ya riga ya tabbata. Mutanenmu ne suka mayar da ita sabulun wanke ɓera.

Abu na biyu, daddawa ba ta da ƙafa. Ba ita ta ajiye kanta a bakin rami ba. In ana neman mai laifi na biyu, a nemi matar gidan da ta bar tukunya a buɗe.

Ɗan Kwari:
Malam, a yi wa tsohuwa adalci. Ni a fahimtata jan kunnen iyaye take yi. Da an riƙe yaro a gida da bai je hannun hukuma ba balle wannan ta same shi. Kuma mu daina yi kamar yaran nan waliyyai ne. Mu da ke kasuwa mun san irin ta'asar da suke yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Uwar Biyu:
Alhaji, ba wanda ya ce bai yi sata ba. Shi ma bai musa ba. Amma hukuncin satar waya ke nan? Wane alƙali ne ya rubuta haka?

Tsohon Gandiroba:
Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa tofawa ba, yau dai zan yi. Na yi shekaru a wannan aiki kafin in yi ritaya, wasu daga ciki a wajen yara. Ba zan faɗi wurin ba.

Alhaji Ɗan Kwari, ku kuna ganin yaron a kasuwa yana da baki da ƙafa. Ni na san shi bayan an juya makulli. Ƙarfe shida na yamma an ƙirga kai an rufe. Ɗaki ɗaya, tabarmi a jere, bokiti a lungu, in an ɗauke wuta sai tocilar mai gadi. A ciki akwai ɗan sha uku da aka kawo kan ya ɗauki kaza, akwai ƙato mai gemu da ya rantse wa kotu shekararsa sha bakwai, kuma babu takardar haihuwar da za ta ƙaryata shi. Wannan ƙaton shi ake naɗawa shugaban ɗaki, don yana sauƙaƙa mana aiki. Shi ke raba wurin kwana, shi ke cewa wa zai kwanta kusa da bokiti, wa zai kwanta kusa da shi. Ma'aikaci ɗaya ne a waje har asuba, wani lokaci yana barci a kan benci.

Shi ya sa nake ganin kun juya karin maganar a baibai. A can ciki yaron ne ɓera mai jin yunwa. Daddawar tana hannun babba: ƙarin ludayin wake, guntun sabulu, aron waya ya kira uwarsa minti biyu, ko a ce "zo ka taya ni shara a ofis." Da haka ake farawa, a hankali, sai yaro ya ga kamar bashi ya ci. Daddawar da aka sa a tarko ba a ce mata sakaci.

Allah Ya yafe mana. Akwai abubuwan da na gani a lokacin ban gane su ba sai yanzu.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Allahu Akbar. Yallaɓai, wannan fassarar ta fi tawa. Shekara nawa ina koyar da karin magana ban taɓa kallonta ta nan ba.

Baban Iman:
Maganar Baba ta tuna mini da wani abu a Ingila. Akwai gidan tsare matasa da ake kira Medomsley a yankin Durham, an rufe shi a ƙarshen shekarun 1980. Wani ma'aikaci, Neville Husband, shi ke riƙe da kicin, shi ke zaɓar yaran da za su yi aiki a wurinsa, kuma aikin kicin gata ne ga mai jin yunwa. Ya yi shekaru yana lalata su a nan. Sai a 2003 aka ɗaure shi. Da 'yan sanda suka sake buɗe bincike daga baya, mutum fiye da dubu suka fito suka ce an ci zarafinsu a gidan, wasu duka, wasu lalata, yawancinsu sun riga sun yi furfura. To ka ga ko a ƙasar da muka kwaso tsarin, haka ne. Sunan "Bosta" da muke kiran gidajen Kakuri a Kaduna da Ilori da Abekuta ma daga wani ƙauye ne a Ingila inda aka fara irin wannan gida a 1902.

Barista A.:
Ta fuskar doka wannan karin maganar ba ta da wurin zama ko kaɗan. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, sashe na 31, ta ce saduwa da wanda bai kai sha takwas ba fyaɗe ne, hukuncinsa ɗaurin rai da rai, kuma ta faɗa ƙarara cewa ba hujja ba ce a ce yaron ya yarda ko an zaci ya girma. Wato doka da kanta ta toshe ƙofar "daddawa ma da wari." Jihohi sun yi nasu, Kaduna a 2018, Kano a 2023.

Wani abin da mutane ba su sani ba: tsohuwar dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka da muke aiki da shi a Arewa, ta fassara fyaɗe a matsayin abin da namiji ke yi wa mace. Yaro namiji ba ya cikin wannan sashen, sai a kai maganarsa ƙarƙashin laifin da ya saɓa wa ɗabi'a. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ce ta faɗaɗa ma'anar ta haɗa da maza. Wannan yana da nasaba da shirun yaran. Yaro yana tsoron in ya yi magana a ce shi ma ɗan luwaɗi ne, tabon ya bi shi har aurensa.

Dokar 2019 da ta sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali ita ma ta hana a cuɗa yara da manya. Rubutu dai ba mu da matsalarsa.

Ɗan Kwari:
Na ji, na kuma janye rabin maganata. Amma ni har yanzu ina ganin maganin abin shi ne hukunci mai tsanani. Kaduna ta yi dokar dandaƙa a 2020 ga wanda ya yi wa ƙaramin yaro fyaɗe. A yi wa mutum biyu a gani, sauran za su shiga taitayinsu. Wannan bita ta horar da ma'aikata da ake ta kashe kuɗi a otal, a ci shinkafa a raba alawus, me ta taɓa gyarawa? Ba a ba kura ajiyar nama, ko ta yi kwas goma.

Tsohon Gandiroba:
Alhaji, kura ba ta zuwa neman aiki da dabbare-dabbarenta a waje. Kuma a cikin ma'aikata goma ba duka ne kuraye ba. Horon ba don kurar ake yi ba, don sauran ne, su iya gane ta. Mu abin da aka koya mana fareti ne, da ƙirga, da bincike, da yadda za a hana gudu. Ranar da aka tura ni wajen yara ba wanda ya ƙara mini ko darasi ɗaya. Ba wanda ya ce mini in ka ga yaro ya fara fitsarin kwance da girmansa, ko ya ƙi shiga wanka tare da sauran, ko kullum shi kaɗai wani ma'aikaci ke aika, ka tsaya ka duba. Mu dariya muke yi mu ce ɗan gidan wane ne.

Kuma ko ka gane, wa za ka faɗa wa? In mutumin ya girme ka a aiki, gobe kai za a tura ƙauye. Hukuncin da kake magana sai an kama mutum tukuna. Wa zai kama shi, alhali shi ke riƙe da makulli, shi ke rubuta rahoton dare?

Malam Na Bakin Kasuwa:
Ku dubi ikon Allah a harshen nan namu. Kalma ɗaya ce, "horo." A horar da ma'aikaci, wato a koya masa aiki. A hori yaro, wato a ba shi wuya. Muddin mun ɗauka yaro yana can ne don ya sha wuya, duk abin da ya same shi sai mu lissafa shi cikin horon. Daga nan maganar dattijuwar ta fito.

Baban Iman:
Ni a Amurka nake zaune, kuma su ma ba su tsira ba. Hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar shari'arsu ta yi tambayoyi a asirce ga yaran da ke tsare. A 2012 kashi 9.5 cikin ɗari suka ce an yi lalata da su a cikin shekara guda, a 2018 ya sauko zuwa 7.1. Mafi yawa ma'aikata suka ambata, ba 'yan'uwansu yara ba. Abin da zai ba ku mamaki, yawancin waɗanda yaran maza suka ambata ma'aikata mata ne. Don haka masu cewa a zuba mata a aikin an huta, ba a huta ba.

Sun yi dokar hana fyaɗe a wuraren tsare mutane a 2003, ƙa'idojinta suka fito a 2012. Ma'aikaci ɗaya ga yara takwas da rana, ɗaya ga sha shida da dare. Manyan jami'ai su riƙa zagaye ba sanarwa, har da tsakar dare, kuma an hana wani ya tsegunta cewa ga oga nan. A binciki tarihin mutum kafin a ɗauke shi. Wadda ta fi burge ni: dole yaro ya sami hanyar kai ƙara ga wani wanda ba ma'aikacin gidan ba ne. Kuma duk shekara uku mai bincike daga waje ya shigo.

Ɗan Kwari:
Su suna da kuɗi.

Barista A.:
Nawa ne kuɗin zagayen dare, Alhaji? Nawa ne a raba ɗan sha uku da mai gemu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan ba ta gwamnati kaɗai ba ce. Ku tuna Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, wasu da mari a ƙafa, da yawa yara, wasu suka ce an yi lalata da su. Bayan makonni aka sake gani a Daura. Waɗannan ba kotu ta kai su ba. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko rashin ji. Abin da ya haɗa gidajen nan da na hukuma shi ne ƙofa a rufe, da babba wanda ba mai tambayarsa, da yaron da an riga an yi masa shaidar ƙarya, ko ya rantse ba mai yarda.

Anti Nas:
Ku yi haƙuri in katse muhawarar. Hajiya Uwar Biyu, an kai yaron asibiti? Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, wannan kam ya wuce. Amma a yi masa gwaji, a duba ko akwai rauni ko ciwon sanyi, ya kuma ga mai ba da shawara, don rashin barcin nan ba ya tafiya da kansa. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, in kuna Kaduna akwai Salama, a Kano akwai Waraka, kuma suna karɓar yara maza. Don Allah kada a tara masa dangi ana ta "faɗa mana yadda aka yi." Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya isa. Kuma kada wanda ya tambaye shi me ya sa bai yi ihu ba.

Tsohon Gandiroba:
Ihu wa zai ji, 'yata. Mai jin ihun shi ne a kansa.

Uwar Biyu:
Ba a kai shi ba, Anti. Uban ya ce a rufa asiri, kakar ce kawai ke ta kuka. Na kira ƙanwata yanzu, gobe bayan azahar za mu je mu sami kakar, in ta amince ita za ta shawo kan uban. Barista, zan yi miki magana ta gefe kan yadda ake shigar da ƙara ba tare da sunan yaron ya fita ba, don mutumin yana nan a bakin aikinsa, daren yau ma wataƙila shi ke gadi.

Ita kuwa dattijuwar gwaggon maigidana ce, ba ni da bakin mayar mata da magana a cikin taro. Malam, sai dai in biyo da kai ranar Juma'a ka gaishe ta, ka yi mata bayanin matar gidan da ta bar tukunya a buɗe.