Tambaya: ruwan saman CMIP6 ya ƙi cika Dam ɗin Tiga a lissafin SWAT

Assalamu alaikum, masana harkar ruwa. Ina neman taimako kan kwaikwayon ruwan sama a kwamfuta, don gano ko madatsun Tiga da Challawa za su iya shayar da Kano nan da 2050.

Ma'aunina shi ne bayanan CHIRPS (ƙiyasin ruwan sama daga tauraron ɗan'adam da tashoshin awo) na kullum, 1981 zuwa 2014. Da su na daidaita ruwan samfuran CMIP6 (manhajojin kwaikwayon yanayin duniya) uku wata-wata, sannan na shigar cikin SWAT (manhajar lissafin yadda ruwan sama ke kwarara zuwa koguna da madatsu), ƙarƙashin SSP2-4.5 da SSP5-8.5 (hasashen matsakaicin hayaƙi mai ɗumama duniya da na hayaƙi mai yawa).

Jimillar kowane wata ta yi daidai. Amma ruwan da ke kwarara cikin dam ya yi ƙasa ƙwarai, har a shekarun baya. Da na duba kwana-kwana, sai ga samfuran suna yayyafi kusan kullum a Agusta, milimita 2 ko 3, alhali ruwan yankin nan da hadari yake zuwa, ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke. Yayyafi kuwa ƙasa ke shanyewa, rana ta kwashe sauran, don haka lissafin SCS (hanyar da SWAT ke ƙiyasta ruwan da zai gudana a kan ƙasa) ba ya ba da kwararar kirki.

Na mayar da duk abin da bai kai milimita 1 ba sifili kafin daidaitawa. Bai wadatar ba.

Shin in koma manhajar ƙirƙiro bayanan yanayi ta LARS-WG, ta ƙirƙiro jerin ranakun ruwa da na fari? Ina kuma zargin CHIRPS ɗin kansa yana rage ƙarfin ruwa mai yawa. In gyara shi da ma'aunin NiMet (hukumar kula da yanayi ta Najeriya) na filin jirgin Kano, ko nisansa da Tiga zai ɓata lissafin?